Kilo Biyu Babu Kaɗan

A bayan kasuwar Muda Lawal,
inda 'yan gwangwan ke tara gawar injuna,
na hango shi ƙarƙashin murfin firiji,
ba taya, ba sirdi, ba sarƙa,
ƙashi zalla, kamar kifin da aka gama ci.

Ɗan'asabe ya ɗora shi a sikeli.
"Kilo biyu babu kaɗan, Baba.
Jibi tirela za ta kwashe su, a narke, a yi rodin gini."
Ban tanka ba. Na ƙyasta masa farce.
Ya amsa: tiiin,
amsar tangaran da babu tsaga a jikinsa.
Ƙarfen banza ƙwas yake cewa, ya yi shiru.
Wannan sai da muryarsa ta raka ni bakin titi.

Na biya kuɗin tsatsa,
na taho da Italiya a kafaɗa.

Shi ne na bakwai.
Shida na rataye a zaure, kai ƙasa,
kamar jemagu a reshen mangwaro.
Dudu ta ce: "Mutane na tara awaki su haihu,
kai kana tara abin da ko kuka ba ya yi."
Na ce yana yi, ke ce ba ki kasa kunne ba.
Ta ce to, ya yi kukan cefane.

Mako uku ina bin sa da samfefa da kananzir.
Ƙarƙashin baƙin fentin da wani ya lafta masa
shuɗi ya leƙo, irin na sama bayan ruwan Agusta,
da guntun suna, harafi uku,
sauran tsatsa ta yi kalaci da su.
A gaɓoɓinsa, inda bututu ya shiga bututu,
wani ya zauna da magagari
ya fere ƙarfe kamar mai zanen ƙwarya,
ya ja ruwan tagulla siriri, kamar kwalli.
Ban san shi ba, ba mu haɗa harshe ba.
Amma shekara talatin da ɗaya na yi ina ɗaurin ƙusa a Reluwe,
na san hannun da ba ya ha'inci
ko a inda ido ba ya kaiwa.

Wa ya kawo shi Bauchi?
Ishaku mai walda ya ce cikin masu shimfiɗa kwalta ne,
wani mai gajeren wando da yara ke bi da ihu ran Lahadi.
Wataƙila. Ishaku ba ya rasa labari.

Ran Asabar, da aka sallame asuba,
na kama ƙahonsa mai lanƙwasa irin na rago,
na miƙi hanyar Dass.
Yelwa ba ta gama farkawa ba, masu ƙosai na hura wuta.
Wani ɗan acaɓa ya rage gudu:
"Baba, tayarka ta rame!"
Na ce ramar barewa ce, yaro.

A hawan farko gwiwa ta buɗe littafin bashi,
sittin da huɗu, tana karanto mini ɗaya-ɗaya.
Na miƙa hannu ƙasa, na ja giya,
sarƙa ta yi tari sau ɗaya, ta hau.
Shi kuwa yana ba da kai kaɗan ya dawo, kamar gora,
yana shanye ramukan hanya kafin su iso ƙuguna.
Da duwatsun Mbula suka fito daga hazon safe
sai gangara ta karɓe mu,
iska ta cika mini riga, ta matso hawaye,
na manta da wanda ke bin wani bashi.

Na sani, ranar da aka ɗauke ni
sikelin Ɗan'asabe na nan yana jira.
Bakwai sau biyu, sha huɗu babu kaɗan.
Ba zai kai kuɗin buhun masara ba.

Daren jiya, har barci ya fara ɗauka ta,
na ji takun Dudu, ta je rufe zaure.
Ta daɗe.
Sannan, a hankali, kamar mai satar gishiri:
tiiin.